Caina Ba Bayan Makka Take Ba

Na san abin da aka gaya muku game da rasuwar kakarku, domin ni ma an gaya mini, a gaban idona, ba sau ɗaya ba. An ce uwarku tana Caina tana ɗaure kwalaye aka kira ta cewa Nna na kan gargara, ta ce a jira ta gama lodi. Wasunku a gidan biki kuka ji, wasu a Islamiyya daga bakin 'ya'yan kawunku, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni, ko don kunya ko don tsoron bakina. To yau gwiwoyi sun hana ni kasuwa, na zauna, na kuma ga in ban rubuta ba ƙaryar ce za ta rage bayana. Da Hausa nake rubutawa saboda Nufancinku bai wuce na gaisuwa ba. Maganganun Nna da za ku gani a nan da Nufanci ta yi su, domin ita in magana ta yi nauyi ba ta yin ta da harshen kasuwa.

Nna da kuka sani tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli a unguwar Ketaren Gwari a Minna, wadda ke cika muku aljihu in kun je gaishe ta. Amma a unguwa ba da ƙuli-ƙuli aka fi saninta ba. Tun da ta zo daga Bida tana amarya, ta biyo babanmu maƙerin tagulla, ita ce mai wankan gawar mata. Banufiya, Bahaushiya, Bafulatanar da ke kawo nono, Bayarabiyar da ta rasu ba dangi kusa, duk ita ake aika wa. Tana da ƙa'idojinta da ba ta sassauta wa kowa. Ruwa sai mai ɗumi, don ta ce wanda ba ka zuba wa ruwan sanyi yana raye ba, kada ka fara ranar da ba zai iya hana ka ba. Zani ba ya barin jikin mamaciya tun daga farko har ƙarshe, hannu ne ke shiga ƙarƙashi. Abin da ido ya gani kuwa a ɗakin ake barinsa. Bayan na yi aure na haihu ta fara tafiya da ni, ina zuba mata ruwa, ina miƙa ganyen magarya da kafur, har hannuna ya faɗa. A duk shekarun nan ban taɓa jin ta fito daga ɗakin wanka ta ce wance kaza take ba.

Wata rana bayan la'asar, ina goyon Amina, ta kira ni ɗakinta ta sa sakata. Ta juya mini baya ta sauke mayafi da riga. Tun daga kafaɗa har ƙugu fatar ta yi fari fat, tabo-tabo, wasu sun haɗe da juna. Sai a ranar na gane dalilin da ya sa Nna ba ta taɓa ɗaura zani a ƙirji ta fito tsakar gida ba, ko a zafin bazara na Minna da kowa ke neman inda zai sa kansa. Daga baya na kai ta wajen likita a ɓoye, ya ce launin fata ne kawai ke gushewa, ba ciwo, ba a ɗauka, ba ya cin yatsa. Amma ni da ita mun san sunan da mutanenmu za su sa wa abin, mun kuma san gidan da aka laƙa wa wannan suna 'yan matansa sukan daɗe a ɗaki.

"Kin gani?" in ji ta.

"Na gani, Nna."

"Babanku ne kaɗai ya sani, ya tafi da shi. Ƙanwarki Ramatu tsoro gare ta, ko ɗakin gawa ba ta iya shiga. Ranar da tawa ta zo, ke za ki wanke ni, ke kaɗai, ki rufe ƙofa. Na rufa wa matan garin nan asiri, ni ma ki rufa mini."

Na ce na ɗauka. Ta sa na maimaita, na maimaita. Ta nuna mini inda likkafaninta yake a ƙasan akwati, sannan ta mayar da rigarta ta zare sakata, ta koma kan suyarta.

Shekaru suka wuce. Mijina, babanku, ya rasu ya bar ni da ku huɗu da shagon kayan kicin, kwanuka da kuloli da filas. Da daga Kano da Legas nake saro kaya, riba ba ta wuce ta cefane ba. Ƙawata Hajiya Binta, wadda ta riga ni buɗe ido, ita ta matsa mini in bi ta Gwanzu, birnin da 'yan kasuwarmu ke zuwa a Caina, mu sayo daga tushe. Lokacin wayar salula ta wadata a hannun mutane, na ga ko ina nake zan ji gida. Nna kuma lafiyarta ƙalau, ban da hawan jinin da take shan maganinsa. Na je na durƙusa na nemi izininta, ta sa mini albarka har da zolaya.

"Je ki ga ƙarshen duniya. Ki zo mini da filas babba, wanda ruwa zai kwana a ciki da zafinsa. Wannan naku na kasuwa kafin asuba ya huce, alwala nake da ruwan sanyi."

Na bar ƙanwata Ramatu a wurinta, na bar ku a hannun Ramatu. Babba a gidan kuwa shi ne yayanmu, Alhaji Ndagi, kawunku, mai sayar da siminti. Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai riƙon zumunci da kyauta, amma in ya san abu ɗaya to ya san duniya duka. Sau uku ya je aikin hajji, duka ukun daga filin jirgin Minna ya tashi, kuma labarin ba ya ƙarewa a bakinsa: ya karya kumallo a gidansa, kafin rana ta faɗi yana Jidda, awa biyar da 'yan kai. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa jirgin sama ya gama da nisa. Da na je yi masa sallama ya tambaye ni ta ina Caina take, na ce gabas, gaba da Makka. Ya gyaɗa kai ya ce ai shi ke nan, bayan Makka kaɗan. Na yi dariya na wuce, ban ga abin tsayawa gardama ba.

Tafiyar zuwa ita ta fara koya mini. Mota daga Minna zuwa Abuja, jirgi zuwa Legas, daga Legas kusan awa takwas zuwa Dubai, a zauna a jira, sannan wata kusan awa takwas ɗin zuwa Gwanzu. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa bakwai, suna shirin tashi kasuwa ku kuna karyawa. Na sayi layin waya a can, kullum sai na kira gida. Kwanakin farko Nna da kanta take karɓa, tana tambaya ko da gaske ne da tsinke suke cin shinkafa. Daga nan sai ya zama Ramatu ce ke ɗauka. Yau Nna tana barci, gobe tana banɗaki, jibi ta ɗan ji jiri amma da sauƙi. Na kira Yaya, ya ce kowa lafiya, in kwantar da hankalina in gama abin da ya kai ni.

Ku kun san wannan ɗabi'a tamu. Mutum yana kwance ba ya gane wanda ke kansa, a tambaye mu, mu ce da sauƙi. Matafiyi kuwa ba a gaya masa mugun labari, wai kada a ɗaga masa hankali a ƙasar mutane. Ana ganin tausayi ne, ni ma da haka na ɗauke shi, na ma sha yi wa wasu. Gaskiyar abin da ya faru shi ne Nna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye, aka kai ta asibiti aka dawo da ita gida, ta yi kusan mako a kwance ina kira ana ce mini tana barci. Ramatu ce ke juya ta tana goge mata jiki, a nan ta ga bayan, Nna ta sa ta yi shiru, ta kuma yi. Ta roƙi Yaya a gaya mini in taho. Ya hana, ya ce a bar ni in gama sayayya, in abin ya yi tsanani waya ɗaya ce, in hau jirgi da safe in iso da yamma. Ya faɗa da cikakken tabbaci, babu kuma wanda ya taɓa hawa jirgi a gidan ban da shi, sai kowa ya bi maganarsa.

Ranar Talata da la'asar ɗin can, ina cikin wani shago ina duba murafan kuloli, waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"Fati, ki bar abin da kike yi ki hau jirgi yanzu. Jikin Nna ya tsananta. Nan safiya ce, ki yi ƙoƙari ki iso kafin magariba."

"Wace magaribar, Yaya?"

"Ta yau mana."

"Tun yaushe take kwance?"

"An kwana biyu."

"Kwana nawa, Yaya?"

"Ba lokacin tambaya ba ne. Na gaya mata kina hanya."

"Yaya, ko yanzu jirgi ya tsaya a ƙofar shagon nan ya ɗauke ni, ba zan ga Minna yau ba. Gobe ma sai Allah ya yi."

"Ke dai kina da son gardama. Makka ma awa biyar ce. Ki hau kawai."

Ya kashe waya. Na tsaya da murfin kula a hannu, mai shago yana mini magana ban san me yake faɗi ba. Hajiya Binta ce ta ja ni muka fita, ita ta nemo ejan ɗin da ya canza mini tikiti zuwa jirgin da zai tashi a daren. Kayan da na saya rabi suna wajen masu ɗauri, rabi ban ma karɓa ba, duk na bar mata. Abin da na fito da shi daga Caina jakar hannuna ce da filas ɗin Nna, wanda tun ranar farko na saya na ajiye a gefen gado. Lokacin da aka kira magaribar da Yaya ya yanka mini a Minna, jirginmu bai daɗe da barin ƙasa ba.

A bayan kujerar da ke gabana akwai ɗan talabijin mai nuna taswira, da hoton jirgi ƙarami yana tafiya a kai. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani wannan ɗan jirgi ba. In rufe ido in yi salati in ja carbi har ya zagayo, in buɗe, yana nan inda yake. Na nemi Nijeriya a taswirar, ba ta ma fito ba tukuna. Abinci ya zo na mayar. Ina ta lissafin kwanakin da aka ɓoye mini, ina ganin da ranar da ta faɗi aka gaya mini, da na je na dawo na sake zuwa.

A Dubai na samu waya na kira Ramatu. Ta fashe da kuka, ta ce Nna na numfashi, bakinta ya karkace amma ana jin abin da take faɗi.

"Anti, tun jiya da Yaya ya ce kina hanya ta sa aka juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce Fati ce? Yaya sai ya ce yanzu za ki shigo."

"Sa mata wayar a kunne."

Na ce Nna ni ce, ina zuwa, amma da sauran tafiya, wajen da nisa. Na ji numfashinta, sannan ta yi magana a hankali.

"Ki yi sauri. Kada su taɓa ni."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na shiga jirgin Legas da ita a kunnena, wata awa takwas ɗin, ba waya, ba labari. Da muka sauka, tun ban tashi daga kujera ba na kunna layina na gida. Ramatu ta ce Nna ta cika da hantsi, an kai ta bayan azahar, maza ba su daɗe da dawowa daga maƙabarta ba. Ina sama aka yi komai. Ban ce me ya sa ba a jira ni ba, har gobe kuma ba zan ce ba, domin Nna da kanta ba ta yarda a ajiye gawa don wani ba. Tambaya ɗaya na yi, wa ya wanke ta. Ramatu ta ce ita ta kasa shiga ɗakin, sai Yaya ya aika aka kira wata Hajiya daga bayan layinmu, ta zo da mata biyu. Ba zan rubuta sunanta ba. Ina jin wadda aka kira na san an gama.

Jirgin Abuja na yamma ya wuce ni, sai washegari na samu. Daga Abuja na ɗauki shatar mota, muka bi Suleja, muka wuce Paiko, ina rungume da filas kamar jariri. Ranar Alhamis da rana tsaka na sauka a ƙofar gida. Wadda na fara haɗuwa da ita Maman Danladi ce, Bagwariyar maƙwabciyarmu mai sayar da doya, wadda suka yi shekaru suna zaman mutunci da Nna. Ta riƙe hannuna da hannayenta biyu.

"Hajiya, ka zo? Sannu. Mama ya tafi jiya. Yana ta kiran sunanka, yana duba kofa."

Ita kaɗai ce a ranar ta yi mini magana ba tare da ta leƙa bayana ta ga ko motar kaya na biye ba. Na shiga tsakar gida cike da mata, gaisuwa sama-sama, ido yana bina. Ashe tun ranar Laraba Yaya ya gama bayani a zaman makoki na maza, daga can maganar ta shigo cikin gida. Ya ce shi ya sauke nauyinsa, tun safiyar Talata ya kira ni, wanda ya tashi zuwa Makka a ranar da tuni ya yi ɗawafi ya huta. Kowa ya san Alhaji ya san jirgi. Sai aka haɗa lissafi: Talata aka kira ta, Alhamis ta zo, to kwana biyun nan me ta tsaya yi in ba lodi ba?

Ban bari an watse ba. Na same shi a zaure da yamma, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini, sannan na ce ya gaya wa mutane kwana nawa Nna ta yi a kwance kafin ya kira ni. Na lissafa masa tafiyar daki-daki, daga Gwanzu zuwa Dubai, jiran Dubai, daga Dubai zuwa Legas, kwanan Legas, Abuja, hanyar Suleja. Ya saurara yana jan carbi.

"Jirgi dai jirgi ne, Fati. Da kin so da kin iso."

"Yaya, ka taɓa zuwa inda ya wuce Makka?"

"Ni za ki koya wa tafiya? Kina goye na fara shiga mota. Tashi ki ba ni wuri, ana makoki."

Kafin sadakar bakwai magana ta biyu ta fito, wadda ta fi ta farko ciwo. A famfo, a wajen niƙa, a gidan suna, ana ta raɗa cewa ashe tsohuwar nan kuturta gare ta, shi ya sa ba ta cire riga, kuma da wannan hannun take soya wa mutane ƙuli-ƙuli. Matar da ta yi shekara da shekaru tana rufa wa matan unguwa asiri, ita ce ba ta yi mako a ƙasa ba aka baza nata a titi. Wasu da ta wanke iyayensu mata da hannunta suna cikin masu yaɗawa. Mai neman 'yar Ramatu ta fari ya ɗauke ƙafa ba sallama. Na yi kuka a kan wannan fiye da yadda na yi a kan mutuwar, domin mutuwa ta Allah ce, wannan kuwa mutane ne suka yi, kuma abu ɗaya da ta roƙe ni a duniya shi ne in hana shi faruwa.

Daga ranar na daina taka gidan Yaya, na kuma hana ku. Na san kun ji zafin wannan. Kun rasa yawon salla da 'yan uwanku, an yi bukukuwa ba ku, Amina ta yi aure kawunta bai zauna a wajen ɗaurin ba sai ƙanin babanku. In an haɗu a hanya ina gaishe shi, don Nna ba ta haifi marar gaisuwa ba, amma iyakarta ke nan. Dattawa sun zo sulhu, kowa ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, abin da nake nema kawai ya buɗe baki ya ce bai san nisan wurin ba, kuma shi ya hana a gaya mini. Ba wanda ya iya sa shi. Ni kuwa na ɗauki aikin Nna, aka koma aiko mini in an yi rasuwa. Har Hajiyar nan ta bayan layi, da tata ta zo, ni 'ya'yanta suka kira. Na je da ruwan ɗumi, na rufe ƙofa, zani bai bar jikinta ba, kuma abin da na gani yana cikin ɗakin har yau.

Bayan wasu shekaru ciwon zuciya ya kama Yaya, likitoci suka ce sai Indiya. A gidansa babu wanda ya san yadda ake canza jirgi a ƙasar da ba a jin harshenka. Matarsa ta zo har shago ta zauna tana hawaye. Ban ja mata rai ba, ɗan Nna ne. Na rufe shago na raka shi. Daga Abuja muka tashi, bayan kamar awa biyar jirgi ya fara sauka, sai na ga Yaya yana gyara hula yana laluben takalmi, fuskarsa a sake.

"Alhamdu lillahi. Ai na ce miki ba nisa."

"Yaya, nan Habasha ce. Ko Afirka ba mu bari ba. Jirgi za mu canza."

Ya dube ni kamar na zage shi. Muka yi zaman jira har ya gaji da zama ya gaji da tsayuwa. A jirgi na biyu na kunna masa taswirar nan, na nuna masa Jidda can gefe, an bar ta, ga teku shimfiɗe a gaba. Ya daɗe yana kallon ɗan jirgin da ba ya motsi. Ƙafafunsa sun kumbura, ya cire takalmi.

"Caina fa, tana ina?"

Na sa yatsa a kan Indiya, na ja shi gaba, na ƙara ja, har gefen gilashin.

Aka kawo shayi aka kwashe kofuna. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe ƙasar Allah da faɗi."

"Da faɗi, Yaya. In mun koma ka faɗa a zaure, inda ka faɗi waccan."

"In Allah ya mayar da mu lafiya."

Allah ya mayar da mu lafiya. Aka yi aiki aka dace, na yi jinyarsa a can, na dafa masa abin da zai iya ci a ɗan risho, na dawo da shi a kan ƙafafunsa. Aka yi walima a gidansa, na shiga gidan karo na farko tun rasuwar Nna, na zauna cikin mata kusa da tagar zaure inda zan ji. Ya ba da labarin tafiya tun daga Abuja, yana ƙarawa da gishiri. Ya ce ku da kuke zuwa Makka ba ku san tafiya ba, Makka ai bayan gida ce, shi ya ga nisa da idonsa, har ƙafa ta kumbura. Maza suna ta mamaki. Na jira ya kawo ƙarshen da ya yi mini alkawari, sai na ji ya shiga labarin abincin asibiti. Na ɗaga murya ta taga.

"Yaya, Caina fa? Ta fi Indiya kusa ne?"

Na ji ƙarar carbinsa.

"Fati, a bar tone-tone. Abin da ya wuce ya wuce."

Haka ya bar shi har ya koma ga Allah. Rashin sanin nisa na yafe masa tun a cikin jirgi, don ba laifi ba ne mutum ya auna duniya da iyakar inda ƙafarsa ta taka. Shirun da ya yi bayan ya sani, shi ne har yanzu nake roƙon Allah ya sanyaya mini, domin a kan wannan shirun ne 'ya'yansa suka girma suna gaya muku uwarku ta zaɓi kwanuka ta bar uwarta. Filas ɗin yana nan a kan kabad ɗina, kun sha tambayata me ya sa ba a zuba masa ruwa. Yanzu kun ji.

Amina, da kika zo hutu daga Malesiya inda aikin mijinki ya kai ku, kin riƙe hannuna kin ce ke za ki wanke ni in tawa ta zo. Na ce a'a, kika ji haushi, kika ɗauka ban yarda da hannunki ba ne. Na yarda da shi. Amma na san hanyar da ke tsakaninmu, na san yadda ɗan jirgin nan yake tsayawa wuri ɗaya, ba zan ɗora miki abin da za ki zauna da shi a sama kina kuka ba. Na koya wa matan 'yan uwanki biyu, na koya wa 'yar Ramatu, duk wadda ke kusa ta yi, da ruwan ɗumi.

Abin da na ɗora muku ku duka guda biyu ne. Ranar da na kwanta, a ranar za ku kira duk wanda ke nesa ku gaya masa yadda nake, ko ni da bakina na ce muku da sauƙi. Sannan kada wani ya tausaya mini ya ce Amina na hanya, yanzu za ta shigo, sai in ya ji tsayuwar motarta a ƙofar gida. In da sauran tafiya ku ce mini da sauran tafiya, zan yi mata addu'a in juya fuskata alƙibla. Ba na so in mutu ina kallon ƙofa.